IFSMA: Tarayyar da ke magana da yawun kyaftin-kyaftin na jiragen ruwa

Kimanin kashi 80 cikin 100 na hajojin da ƙasashen duniya ke cinikinsu a tsakaninsu, ta teku ake jigilarsu. Kowane jirgi kuwa yana ƙarƙashin ikon mutum guda ne, wato kyaftin, wanda alhakin jirgin da kayan da rayukan da ke ciki ya rataya a wuyansa.

Tarayyar Ƙungiyoyin Kyaftin-kyaftin na Jiragen Ruwa ta Duniya, wadda aka fi sani da IFSMA, ita ce ke wakiltar waɗannan mutane a zaurukan da ake tsara dokokin teku.

Kafuwarta

Ƙungiyoyi takwas na kyaftin-kyaftin daga ƙasashen Turai ne suka kafa tarayyar a shekarar 1974, kuma hedkwatarta na birnin Landan. A 1975 ta samu matsayin mai ba da shawara a Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, wadda ita ma a Landan take.

Wannan matsayi na ba ta damar halartar tarurruka da gabatar da takardu, amma ba ta da ƙuri'a, domin gwamnatoci ne kaɗai ke yanke hukunci. Haka kuma ba ƙungiyar ƙwadago ba ce mai cinikin albashi. Abin da ta dogara da shi shi ne ƙwarewar mambobinta, waɗanda suka san yadda dokar da aka rubuta a ofis ke kasancewa a tsakiyar teku.

Iko da alhaki

A ƙa'ida, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta hana mai jirgi ko wanda ya yi hayarsa tauye kyaftin wajen yanke shawarar da yake ganin za ta ceci rayuka ko ta kare muhalli.

Sai dai a zahiri lamarin ya sha bamban. Jirgi guda na iya kasancewa mallakar kamfani a wata ƙasa, yana ɗauke da tutar wata, kayan da ke cikinsa na wani attajiri ne a ƙasa ta uku. Idan hatsari ya auku, duk waɗannan suna nesa. Kyaftin ne kawai ke kusa, don haka shi hukuma kan fara damƙewa.

Wannan batu na mai da kyaftin mai laifi tun kafin a kammala bincike yana daga cikin manyan abubuwan da IFSMA ta daɗe tana kokawa a kai.

Shari'ar Prestige

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na jirgin dakon mai na Prestige. A ranar 13 ga watan Nuwamban 2002 jirgin ya samu tsaguwa cikin guguwa a kusa da gaɓar yankin Galisiya na ƙasar Spaniya, yana ɗauke da tan 77,000 na baƙin mai.

Maimakon a ba shi mafaka, hukumomin Spaniya sun ba da umarnin a ja shi can nesa da gaɓa. Bayan kwana shida ya rabe gida biyu ya nitse, man kuma ya gurɓata gaɓar tekun Spaniya da ta Faransa.

Kyaftin ɗin, Apostolos Mangouras, ɗan ƙasar Girka mai shekaru 67, yana cikin waɗanda suka ƙi barin jirgin lokacin da aka kwashe sauran ma'aikata. Da saukarsa aka kama shi. Ya shafe kwana 83 a tsare kafin a ba da belinsa a kan kuɗin Euro miliyan 3.

A 2013 wata kotu ta wanke shi daga laifin gurɓata muhalli, ta same shi da laifin ƙin bin umarnin hukuma kawai. Amma a 2016 Kotun Ƙolin Spaniya ta yanke masa ɗaurin shekara biyu, fiye da shekara goma sha uku bayan hatsarin.

Wanda ma ya fi ba masu sana'ar takaici shi ne na jirgin Hebei Spirit a Koriya ta Kudu. A watan Disamban 2007 jirgin yana tsaye, ya saki anga, sai wani kwale-kwalen dakon ƙugiya da ya tsinke daga jirgin da ke jansa ya zo ya buge shi, fiye da tan 10,000 na ɗanyen mai ya malale. Duk da haka kyaftin Jasprit Chawla da mataimakinsa, 'yan Indiya, ba su samu komawa gida ba sai a watan Yunin 2009.

Abin da aka cimma

A 2006 hukumar IMO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, sun fitar da ƙa'idojin yi wa ma'aikatan jirgi adalci idan an yi hatsari, ciki har da samun lauya da tafinta da kauce wa tsarewar da ta wuce ƙima. Rauninsu shi ne shawara ce, ba su tilasta wa kowace ƙasa ba.

Shi ya sa ba a daina samun irin wannan taƙaddama ba. A watan Agustan 2022 Ikwatoriyal Gini ta tsare jirgin dakon mai na Heroic Idun da ma'aikatansa 26, daga bisani ta miƙa su ga Najeriya, wadda ta zargi jirgin da yunƙurin ɗaukar ɗanyen mai ba bisa izini ba. Masu jirgin sun ce kyaftin ya zaci jirgin sojan ruwan da ya tunkaro shi da dare na 'yan fashin teku ne. Sai a 2023 aka sake su bayan an daidaita a kotu.

To sai dai ƙasashen da ke gaɓar teku su ma suna da hujjarsu: masunta da sauran jama'ar da mai ya kashe wa sana'a na da haƙƙin ganin an hukunta mai laifi. Kuma akwai kyaftin ɗin da ba mai iya kare shi. Francesco Schettino ya bar jirgin fasinja na Costa Concordia a 2012 alhali da sauran mutane a ciki, a hatsarin da ya halaka mutum 32, kotun Italiya kuma ta ɗaure shi shekara 16.

Matsayin tarayyar dai shi ne a bambanta sakaci da tsautsayi, kuma a bar bincike ya riga ɗauri.