Daga Kuben Takobi Zuwa Angurya: Tarihin Sunan da Ake Sakayawa

Ɗalibar da ta shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi takan tarar da kalmar vagina tun a darasin farko na sassan jikin mace. Kalmar ta Latin ce, kuma a bakin Rumawan da suka mallake ta ba ta da alaƙa da asibiti. Ma'anarta kube, wato gidan da soja ke mayar da takobinsa. Manomansu ma sun yi amfani da ita wajen kiran kwanson da ke rufe zangarniyar hatsi kafin ta fito.

Likitocin Italiya ne suka ɗauko ta daga ɗamarar soja suka kai ta ɗakin fiɗa. A 1559 aka buga littafin Realdo Colombo a kan ƙirar jikin ɗan Adam, inda ya kwatanta wannan hanya da kube. A 1561 Gabriele Falloppio, malami a jami'ar Padua, ya yi amfani da kalmar a nasa littafin, daga nan ta zauna. Kafin lokacin, masu bin koyarwar tsohon likita Galen sukan kira wurin wuyan mahaifa ne kawai, ba su ba shi suna na kansa ba. Turancin Ingila ya karɓi kalmar wajen 1680. Jamusawa suka fassara ta kai tsaye suka ce Scheide, wadda har yau take nufin kuben wuƙa. Mutanen Sifaniya kuwa, da suka ga dogon kwanson wata shuka mai ƙamshi a Meziko, sai suka kira shi ƙaramin kube, vainilla. Ƙamshin da ake zuba wa kek da askirim ke nan, tushensu ɗaya da kalmar likitoci.

Kowace al'umma da inda ta dosa. Girkawa sun ce kolpos, wato ƙirji ko lanƙwasar tufa. A Sanskirit na Indiya yoni na nufin mafari ko tushe. Latin na da wata kalmar, pudendum, daga aikatau mai nufin jin kunya, kuma ta daɗe cikin littattafan likitanci har zuwa 2019, lokacin da kwamitin duniya mai tsara sunayen sassan jiki ya cire ta daga jerinsa. Ashe sakaya wannan suna ba halin Bahaushe ba ne shi kaɗai.

Ƙasar Hausa ta sami nata sunayen na ilimi tun kafin zuwan Bature, ta hanyar zaurukan malamai. Farji daga Larabci yake, daga tushen da ke nufin tsaga ko buɗewa, tushen da ya haifi faraj, sauƙin da ke zuwa bayan tsanani. A Alƙur'ani, cikin Suratun Nur, an yi amfani da jam'in kalmar ga maza da mata baki ɗaya, amma da ta shigo Hausa sai ta karkata ga mace. Al'aura, haila da janaba duk ta wannan ƙofa suka shigo. Duk wanda ya karanta Ahalari, Ishmawi, Iziyya ko Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya san babukan tsarki ba sa ɓoye-ɓoye. Malami zai zauna kan buzu ya fassara hukuncin jinin haila da na biƙi dalla-dalla, ba wanda zai sunkuyar da kai, domin Larabci ya yi wa maganar riga. A ƙarni na 19 Nana Asma'u da jajinta, matan da ta horar, sun kai irin wannan karatu cikin gidaje ta hanyar 'yan taru.

A cikin gida kuwa wani harshe ake yi. Akwai sunayen asali da aka bar wa masu ashar, waɗanda mai mutunci ba ya furtawa. Sauran jama'a sai su ce gaba, ko matuci, ko ƙasa. Mace za ta ce tana fama da sanyi, ko ta ce ciwon mata ne, mai sauraro ya ƙarasa sauran da kansa. Har sana'ar yankin ta ba da nata aron. Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, musamman tun da layin dogo daga Zariya ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 aka kafa injin gurza. Ƙwayar da ake fitarwa daga cikin kaɗa ita ce angurya, kuma da wannan suna wanzamai ke kiran ɗan naman da sukan cire a gaban jaririya a kwanakin farko na haihuwarta, lokacin da ake cire hakin wuya.

Sunan da ya fi kowanne tsada shi ne gishiri. An ɗauka cuta ce da ke toshe hanya, ta hana haihuwa, ko ta sa amarya gudun miji, ko ta tsayar da al'ada. Maganinta a gargajiyance aska: wanzami ko tsohuwar ungozoma su tsaga bangon gaba na farji. To mafitsara tana jingine da wannan bango, kuskure kaɗan ya isa ya huda ta. Ita ma doguwar naƙuda haka take yi. Idan kan jariri ya tokare ƙashin ƙugu kwana biyu ko uku, naman da ke tsakani yakan rasa jini ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya riƙa bi ta nan ba dare ba rana. Yarinyar da ta je goyon ciki gidan iyayenta, wadda aka hore ta da cewa ihu a haihuwar fari abin kunya ne, ita ce ta fi faɗawa wannan hali.

A shekarun 1970 asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, abin da ya jawo masu bincike yankin. Murray Last, marubucin tarihin Daular Sakkwato, ya zauna cikin ƙauyukansa, kuma a wata maƙala ta 1981 ya nuna yadda mutane kan karɓi magani ba tare da sun matsa sai sun san asalin cutar ba. A Zariya aka fara ƙidaya. Binciken Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979. Wani nazarin da aka buga a 1983 ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin jami'ar daga 1969 zuwa 1980, ya gano cewa doguwar naƙuda ce sanadin mafi yawansu, yankan gishiri kuma ya ci kashi 13 cikin 100.

A 1983 likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga kusa da birnin Katsina domin aikin kuturta. Matan da ya tarar suna yoyo suka sauya masa alƙibla, ya fara ɗinke su, asibitin ya zama wurin da mata daga Funtuwa, Bakori, Ƙafur, Malumfashi har da Maraɗi ke nufa, daga baya Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi cibiyar ƙasa ta wannan cuta. A 2003 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da yaƙi da ita, a 2005 aka yi gangamin mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato inda aka yi wa mata sama da 500 aiki. Tun 2013 ake tunawa da masu wannan cuta kowace ranar 23 ga Mayu. Dokar tarayya ta 2015 kuma ta haramta yi wa mata kaciya.

Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa sauyin bai zo ta kalmar Latin ba, domin ita tana nan cikin fayil. Ya zo ne lokacin da aka sami lafazin Hausa da mai shela zai iya faɗa a rediyo, liman ya faɗa a mumbari, miji ya faɗa wa direban mota a tasha: yoyon fitsari. Sunan ya ambaci ciwon ya bar gaɓar a rufe, kunya ta tsira, mara lafiya ta sami hanyar asibiti. Aikin da ya rage wa ungozomar da ta fito daga Malumfashi shi ne ta iya harsunan nan uku, na littafi, na zaure da na ɗaki, ta yadda idan mace ta sunkuyar da kai ta ce gishiri ne, za ta san tambayar da ya kamata ta biyo baya kafin a kira wanzami.