Gishirin Goshi da Asirin Rashin Haihuwa

Tun ƙarnoni da suka shuɗe, tsofaffin mata a ƙasashen arewacin Turai suna da wani camfi, cewa duk jaririn da aka sumbaci goshinsa aka ji ɗanɗanon gishiri, to, an yi masa sammu, kuma ajalinsa ya kusa. Alhali kuwa abin da harshensu ya riska gaskiya ne, fassararsu ce kawai ta kauce hanya. Sai a shekarar 1938 wata likita a New York, Dorothy Andersen, ta tantance cutar da ake kira cystic fibrosis, wadda ke daskarar da majina har ta toshe huhu da hanyoyin narkar da abinci, sa'an nan a 1953 Paul di Sant'Agnese ya kafa hujjar cewa gumin masu ita yana ɗauke da gishiri fiye da ƙima.

A wancan zamani yaran ba safai suke kai wa balaga ba, saboda haka mas'alar zuriya ba ta ma taso ba. Da magani ya inganta, samari suka soma girma har suna aure, sai likitocin Boston suka bayyana a 1968 cewa galibinsu ba sa haihuwa, ko da yake marainansu na samar da ƙwayoyin maniyyi, domin bututun da zai fitar da su ne bai ginu ba tun suna cikin mahaifa.

Sababin ya fito fili a 1989, lokacin da Lap-Chee Tsui da John Riordan na Toronto, tare da Francis Collins na Michigan, suka gano ƙwayar gado guda ɗaya tak a kuromosom na 7, wadda aka laƙaba wa suna CFTR, wadda kuma aikinta shi ne daidaita shiga da fitar gishiri da ruwa a sassan jiki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, daga bisani an tarar da mazaje lafiyayyu, marasa ko tari, waɗanda illar ƙwayar ba ta bayyana a ko'ina ba sai a rashin wannan bututu. Cutar dai ba ta yawaita a baƙar fata ba, amma mai karatu ya san cewa da irin wannan miji a garuruwanmu yake, matarsa za a kira juya, ba tare da bincike ko shaida ba.

A 1992 likitocin Brussels suka bayyana nasarar dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwan mace, wadda ta ba irin waɗannan mazaje damar haihuwa. Sai dai akan fara gwada matar tukuna, tunda kimanin mutum 1 cikin 25 na Turawan arewa yana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar a ɓoye, kuma ɗa ba ya kamuwa da cutar sai ya gaje ta daga uwa da uba.