Mayen Ƙarfe da Ɓarawon Kara: Yadda Duwatsu Biyu Suka Haifi Lantarki

Idan hunturu ya kankama, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa buji kuma ya lulluɓe gari, akwai ɗan abin mamaki da ke faruwa a ɗakunan kwana tun daga Kano har Damagaram. Mutum ya yaye bargo a cikin duhu, sai ya ji ƙas-ƙas, ya ga ƙananan tartsatsi suna gilmawa tsakanin bargon da rigarsa. Da safe ya sauko daga mota, ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji kamar an tsikare shi da allura a yatsa. A aji kuma yaro ya goga biro a sumarsa, ya kai shi kusa da ɓarɓashin takarda, sai takardun su yi tsalle su manne. Can a bayan gari, ɗan jari-bola na jan wani baƙin ƙarfe mai zagaye da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ƙusoshi da guntayen ƙarafa suna bin sa kamar an kira su. Wannan kam Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: mayen ƙarfe.

Jan da biron yaron ke yi da wanda mayen ƙarfe ke yi sun yi kama, kuma kamar nan ta rikita masana fiye da shekara dubu biyu. Sai da aka fara raba su, aka gane kowanne da halinsa, kafin aka dawo aka gano inda suka haɗu. Daga wannan mahaɗa ce wutar da ke kunna ƙwan fitila ta fito.

Tarihin yana nan a bakin Bahaushe ko da bai sani ba. Kalmar maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, ta iso Hausa daga Larabci, Larabawa kuma sun aro ta daga Girkawa, waɗanda suka kira dutsen da sunan Magnesiya, yankin da ake samunsa. Lantarki kuwa ta shigo ta Turanci, amma tushenta shi ne elektron, sunan da Girkawa suka ba wani ƙaron bishiya da ya daskare a ƙasa shekaru aru-aru har ya zama kamar dutse mai ruwan zuma. Shi ne kahraman ɗin da ake yin carbi mai tsada da shi. Farisawa sun ba shi suna mai ma'ana, kahruba, wato ɓarawon kara, domin in an goga shi sai ya fizgi ɓuntu da busasshiyar ciyawa. Har yau da wannan kalma, kahraba, Larabawa ke kiran wutar lantarki.

Mutum na farko da tarihi ya riƙe sunansa a wannan fage shi ne Talis na birnin Miletus, a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ruwaito cewa ya ɗauka dutsen maganaɗisu yana da rai, tunda yana motsa ƙarfe. Wanda ya kira shi maye bai yi nisa da wannan tunani ba.

Daga nan duwatsun biyu suka raba hanya. Kahraman ya zauna a matsayin abin ado da wasa, maganaɗisu kuwa ya sami aikin yi. Sinawa ne suka fara morarsa. A shekarar 1088 wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Shen Kuo ya rubuta yadda ake goga bakin allura da dutsen, a rataye ta da silin zaren alharini ɗaya, sai ta juya ta nuna kudu. Ya ma lura cewa ba ta nuna kudun sak, takan ɗan karkata gabas. Shekaru kusan talatin bayan haka, wani marubucin Sin, Zhu Yu, ya ba da labarin matuƙan jiragen ruwa da ke duban taurari da dare, rana da yini, in gari ya yi hadari kuma su dubi allurar.

Labarin da ya fi kusa da ido ya fito daga Masar. Wani malamin Alƙahira, Bailak al-Ƙibjaƙi, ya rubuta a 1282 abin da ya gani da idonsa shekara arba'in kafin nan, a tafiyar jirgin ruwa daga Tarabulus ta Sham zuwa Iskandariyya. Idan dare ya yi duhu taurari suka ɓuya, sai matuƙan su ɗauko kwano cike da ruwa, su kai shi inda iska ba ta kaɗawa. Su soke allura a jikin ɗan kara a gicciye, su ɗora a kan ruwan. Sai a kawo dutsen maganaɗisu kusa da kwanon, a riƙa kewayawa da shi allurar tana bi, sannan a janye hannu farat ɗaya. Allurar ta yi ta lilo har ta tsaya, baki ɗaya kudu, ɗaya arewa. Da wannan ɗan kwano ake tsallake teku da rayukan mutane da dukiyarsu. Ba a daɗe ba malaman Musulunci suka ga wani amfanin. Al-Ashraf Umar ɗan Yusuf, wanda ya yi sarautar Yaman daga 1295 zuwa 1296, masanin taurari ne, kuma ya rubuta yadda ake gano alƙibla da irin wannan kwano mai allura. Sunan da ya kira kwanon da shi, tasa, sananne ne a kowane madafin Bahaushe.

A Turai, wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, ya rubuta wasiƙa a 1269 yana cikin rundunar da ta yi wa garin Lucera na Italiya ƙawanya. A ciki ya bayyana cewa kowane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu; kai iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna; kuma in aka raba dutsen biyu, kowane ɓari sai ya fito da kawunansa biyu cif.

Wanda ya raba gardama tsakanin duwatsun shi ne William Gilbert, likita a Landan, wanda daga baya ya zama likitan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Littafinsa kan maganaɗisu ya fito a 1600, kuma darajarsa ita ce mutumin ba ya karɓar magana sai ya gwada. A zamaninsa ana cewa tafarnuwa na kashe ƙarfin maganaɗisu, har matuƙa kan guji kusantar kamfas, wato allurar nuna hanya, in sun ci ta. Gilbert ya yi watsi da wannan magana, ya ce ƙarya ce. Ya sassaƙa dutsen maganaɗisu ya mai da shi ƙwallo, ya riƙa yawo da ƙaramar allura a kansa, ya ga tana yin abin da kamfas ke yi a doron ƙasa, sai ya yanke cewa duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce. Game da kahraman kuma, ya gano ba shi kaɗai ke da wannan hali ba: gilashi da farar wuta da wasu duwatsu masu daraja duk suna jan abu in an goga su. Ya jera bambancin dalla-dalla. Maganaɗisu ba ya bukatar guga, ƙarfe yake ja, ruwa ba ya hana shi. Ɗayan kuwa sai an goga, yana jan kowane abu marar nauyi, kuma laima na kashe shi. Gilbert ya lura gwajinsa ya fi kyau ranar da iska ta bushe, abin da ba ya samuwa kullum a Ingila mai yawan yayyafi.

Daga nan sai aka shiga neman hanyar tara wannan ƙarfi na guga da yawa. Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya yi ƙwallon farar wuta mai juyawa ana goga shi da tafin hannu. Stephen Gray, wanda asalinsa marini ne a Ingila, ya gano a 1729 cewa ƙarfin yana tafiya: ya tura shi ta igiya tsawon fiye da mita 200. In ya rataye igiyar da zaren alharini, ƙarfin ya isa ƙarshe. Da ya sauya da wayar ƙarfe, sai ya zurare ya ɓace. Nan aka fara sanin abin da ke ɗaukar lantarki da abin da ke tare shi, ilimin da ya sa ake naɗe waya da roba. A 1733 Charles du Fay na Faransa ya nuna wannan ƙarfi, wato caji, iri biyu ne, kuma kamar kawunan maganaɗisu, iri ɗaya suna gudun juna, mabambanta suna neman juna.

A 1745 da 1746 aka dace da tulun ajiya: kwalba mai ruwa da aka zura wa ƙarfe, wadda ta ɗauki sunan garin Leiden na Holan. Farfesa Pieter van Musschenbroek ya taɓa ta, ta girgiza shi har ya rubuta wa abokinsa cewa ko za a ba shi masarautar Faransa ba zai sake ba. Jean-Antoine Nollet kuwa ya jera dogaran sarki 180 riƙe da hannun juna a gaban Sarki Louis na 15, aka sake musu cajin kwalbar, suka zabura gaba ɗaya.

Benjamin Franklin, mai sana'ar ɗab'i a Filadelfiya ta Amurka, shi ya sa wa cajin biyu alamar tarawa da ta ɗebewa da ake gani a jikin kowane batir. Shi ne kuma ya ce walƙiya da tartsatsin kwalba abu ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta su. Ranar 10 ga Mayu 1752, a ƙauyen Marly kusa da Paris, aka kafa sandar ƙarfe mai tsawon kusan mita 13 bisa shawararsa, hadari ya taso, aka ciro tartsatsi daga jikinta. Gwaji ne mai haɗarin gaske: a 1753 aradu ta kashe Georg Richmann a birnin Saint Petersburg yana cikin irinsa. Daga wannan bincike aka sami sandar kariyar tsawa da ake kafawa a kan hasumiya da dogayen gine-gine. A 1785 injiniyan soja Charles Coulomb ya auna ƙarfin jan, ya nuna in aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Duk wannan caji ne mai zuwa farat ɗaya ya wuce. Sai a 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, tsakaninsu kwali jiƙe da ruwan gishiri, ya sami wuta mai gudana ba yankewa. Da batir ya samu, duwatsun da Gilbert ya raba suka kama hanyar haɗuwa. A 1820, a birnin Kopenhagen, Hans Christian Oersted ya ga allurar kamfas ta karkata da aka saki wuta a wayar da ke kusa da ita. Ashe lantarki mai gudu yana haifar da maganaɗisu.

Saura juyin tambayar: ko maganaɗisu zai haifi lantarki? Wanda ya amsa ɗan maƙeri ne, Michael Faraday, wanda bai yi makaranta mai zurfi ba, ya koyi karatun kimiyya ne daga littattafan da ake kawowa shagon da yake koyon ɗinkin littafi. A 1831 ya naɗa waya ya yi gammo, ya zura maganaɗisu a ciki, allurar ma'auninsa ta motsa. Ya tsai da hannu, ta koma. Ya zaro, ta sake motsawa ta ɗaya gefen. Sirrin yana cikin motsin. Janareton da ke ruri a ƙofar shago aikin nan yake yi, fetur ne ke juya masa maganaɗisun. Haka manyan injinan madatsar Kainji da aka kammala a 1968, sai dai su ruwan Kwara ne ke juya su. A cikin mutanen wannan tarihi, babu wanda talaka ke cin gajiyarsa kullum kamar ɗan maƙerin nan.

Bayanin tartsatsin bargo bai cika ba sai 1897, da J. J. Thomson ya gano ƙwayar elektron a Kambirij. Kowane abu yana ɗauke da caji iri biyu daidai wa daida. In aka goga abu biyu, wasu elektron sukan bar ɗaya su koma ɗayan, wannan ya yi rara, wancan ya yi giɓi. Da damina laimar da ke kwance a jikin kaya tana zurar da rarar a hankali ba a sani ba. Da hunturu babu laimar, sai cajin ya taru a jikin mutum har ya sami ƙarfe ya tsallaka. Kafin tartsatsi ya keta milimita ɗaya na busasshiyar iska, sai ƙarfinsa ya kai wajen bolt 3,000, alhali wutar gida ba ta wuce 230 ba. Abin da ya sa ba ya kisa shi ne cajin kaɗan ne ƙwarai, kuma nan take yake ƙarewa. Amma ya isa ya kunna tururin fetur, shi ya sa ake son a sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata mai, kada a cika ta tana cikin but ko bayan a-kori-kura. Irin wannan caji ne kuma ke manna baƙin garin tawada a takarda cikin injin fotokwafi, dabarar da Chester Carlson ya fara gwadawa a Amurka a 1938.

Busasshiyar iskar da Gilbert ke jira a Landan, a ƙasar Hausa tana zuwa kyauta wata biyu zuwa uku kowace shekara. Duk da haka yara da yawa suna haddace wannan darasi daga allo, ba su taɓa ganin an gwada ba, ana cewa babu kayan aiki. Kayan kuwa suna cikin gida: mataji na roba, ɓarɓashin takarda, allurar ɗinki, ɗan kara, tasa da ruwa, da mayen ƙarfe daga wajen mai gyaran rediyo. Malaman firamare da na sakandare, idan hunturun bana ya shigo, a ajiye alli na rabin sa'a, a goga allura, a ɗora ta a kan ruwa, a bar yara su ga ta juya ta nuna arewa da idonsu.