Daga dandamali zuwa majigi: Yadda 'Kulɓa Na Ɓarna' ya zama fim

Kulɓa Na Ɓarna na cikin wasannin kwaikwayon Hausa ƙalilan da suka ratsa matakai uku: dandamali, littafi, sannan fim. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda masu kallon talbijin suka fi sani da Kasagi, shi ne ya rubuta wasan, kamfanin NNPC na Zariya kuma ya buga shi a 1979. A 1992 Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta mayar da shi fim, Brendan Shehu ne ya ba da umarni.

Jigon wasan

An ciro sunan daga karin maganar da ke nuni ga mai laifin da ke shan iska, a ɗora wa wani. Labarin ya ginu ne a kan attajirin da ya ruɗi wata ɗaliba da abin duniya har ya ɓata mata rayuwa. Batu ne mai ɗaci, amma marubucin ya isar da shi cikin raha da habaici, kamar yadda Shu'aibu Maƙarfi ya yi a Jatau Na Kyallu. Wannan salo daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa, domin 'yan kama da 'yan gambara da masu tashe sun saba naɗe gargaɗi a cikin ban dariya.

Abin da ke sauyawa

A dandamali, ɗan wasa yana jin dariyar jama'a, ya dakata ta lafa, sannan ya jefa magana ta gaba. A gaban kyamara babu mai yi masa dariya; mai tace hoto ne ke auna tsawon shirun, idan ya gaggauta yankewa, zancen ya tashi a banza.

Haka kuma ɗan wasan dandamali dole ya ɗaga murya, ya zuzuta motsi, don na bayan zaure ya gani. Kyamara kuwa tana matsowa har fuska, harara ɗaya ta wadatar. Abin da ya ba da dariya daga nesa yakan zama hauragiya daga kusa.

Sai batun wuri. Wasan dandamali yakan taƙaita a zaure ko tsakar gida, abin da ya faru a waje sai dai a ba da labarinsa. Fim yana fita titi, ya nuna motar attajiri da ƙofar makaranta. Nan ne gwanintar mai rubuta fim take: ya rage doguwar hira, ya bar wa hoto aikinta, ba tare da ya zubar da karin magana da zambon da su ne gishirin wasan ba.

Bayan Kulɓa

Lokacin da fim ɗin ya fito, kaset ɗin bidiyo ya riga ya fara karɓe kasuwa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya tun 1990, daga baya finafinan camama irin na marigayi Rabilu Musa Ibro suka mamaye fagen barkwanci, galibinsu bisa ƙirƙirar magana nan take maimakon rubutaccen wasa. Ta haka wasanni irin su Tabarmar Kunya da Uwar Gulma suka fi zama abin karatun 'yan makaranta.

Ga mai niyyar zuba jari a wannan fage, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar ikon sarrafa rubutu zuwa wata siga a hannun mai shi. Saboda haka matakin farko shi ne neman rubutaccen izini daga marubuci, ko magadansa, ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙin, kafin a kunna kyamara.