Asalin Ire-iren Shanu da Ma'anar Tsantsar Jini: Misali Daga Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin ire-iren shanun da ake kiwo a Ɗanzomo da sauran ƙasar Gumel, sa'an nan mu duba abin da ake nufi da "tsantsar jini", domin da wannan kalma ce akan fifita shanun ƙetare a kan namu.

Asalin Shanu

Masana sun nuna cewa a wurare biyu aka fara mai da shanu dabbobin gida. Marasa tozo sun samo asali daga Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, masu tozo kuwa daga kwarin kogin Indus, inda Pakistan take a yau. Marasa tozo ne suka fara shigowa Afirka, kuma har yanzu akwai irinsu, kamar Muturu a kudancin Nijeriya da Kuri a tafkin Chadi. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi tun daga 1994 ya nuna cewa shanun Afirka masu tozo, ta wajen uwa, jinin marasa tozo suke ɗauke da shi. Watau bijimai masu tozo ne suka shigo daga baya suka barbari shanun da suka tarar. Ashe ke nan Bunaji kanta ruwa-biyu ce tun fil azal.

Yadda Turawa Suka Kafa Iri

A Ingila aka soma ware shanun nama daban. Robert Bakewell (1725-1795) ya riƙa haɗa dabbobi 'yan gida ɗaya har kamanninsu su tsaya. A 1822 aka buga littafin nasabar shanun Shorthorn, na Hereford ya biyo baya a 1846, na Aberdeen Angus a 1862. Tun daga nan duk maraƙin da uwarsa da ubansa suke cikin littafi akan kira shi mai tsantsar jini, alhali kakannin da aka fara rubutawa shanun ƙauye ne. Daɗin daɗawa, a Amurka an haɗa Shorthorn da Brahman mai tozo, aka sami Santa Gertrudis, wadda aka amince da ita a matsayin iri mai zaman kansa a 1940. Saboda haka tsantsar jini yarjejeniya ce ta masu kiwo, wadda rubutu ya tsare.

Shanun Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. A nan ake ganin Bunaji fara mai baƙin kunne da baƙin hanci, da Rahaji ja mai dogon ƙaho mai jure tafiya, da Bokoloji mai gajeren ƙaho da cikar jiki, wadda masu turka suke so, da kuma Azawak daga arewa. Manomi a Ɗanzomo ko Gagarawa bai san saniyar nama zalla ba: sa guda zai yi huɗa, ya ja amalanke, ya ba da taki, daga bisani a turke shi a sayar wa mahauta.

Tarihi ya sha gauraya waɗannan garake. Annobar bushiya ta wajen 1890 ta hallaka mafi yawan shanu, makiyaya suka sake gina dukiyarsu da abin da ya saura. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro garaken arewa zuwa kudu. Duk da haka kamannin kowane iri bai ɓace ba, domin Bafillace ba ya barin kowane sa ya hau shanunsa. A wajen Woɗaaɓe na Nijar maraƙi sunan uwarsa yake ɗauka, makiyayi kuma yakan lissafa kakannin saniya da ka. Wannan ma littafin nasaba ne, sai dai a ƙirji yake.

Hukuma ta taɓa ƙoƙarin rubutawa. An kafa gonar Shika kusa da Zariya a 1928, wadda ta zama cibiyar NAPRI a 1976, kuma a gonar gwamnati ta Gumel an ajiye bayanai a kan Azawak da Rahaji. Amma wannan rubutu bai kai ga garken talaka ba.

Kammalawa

Abin da ya raba Hereford da Rahaji a wannan fage shi ne alƙalami. Muddin ana barbarar shanunmu da na ƙetare ba tare da lissafi ba, za mu rasa juriyar zafi da fari da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tacewa. Muna ba da shawara masana su zauna da arɗoɗi da makiyayan Sule Tankarkar da Maigatari, su rubuta nasabar da suke riƙe da ita tun dattawan da suka haddace ta suna raye.