Jar Rumfar Tarho ta Ingila da Ta Kusa Zama Tarkace

Jiya wani abokin aikina da ya je kwas Landan ya turo mana hotonsa, ya jingina da jar rumfar tarho yana ta murmushi. Na tambaye shi ko ya ɗaga kan wayar da ke ciki, ya ce wallahi ko ƙofar bai buɗe ba. Ban ga laifinsa ba. Amma wannan rumfar da kowa ke hoto da ita, saura ƙiris masu ita su zubar da ita.

Asalinta gasa ce da aka yi a 1924, wadda mai zanen gine-gine Giles Gilbert Scott ya lashe. Samfurinsa, K2, ya fara fitowa a titunan Landan a 1926. Shi ruwan azurfa ya so a shafa mata, hukumar gidan waya ta ce a'a, ja za a yi don a hango ta daga nesa. K2 ta yi tsada da nauyi, sai a 1935, lokacin bikin cikar Sarki George na Biyar shekara 25 a kan gado, Scott ya zana ƙarama, K6. Ita ce ta shiga ƙauyuka, aka kafa wajen 60,000.

Matsalar ta taso bayan an sayar da kamfanin tarho na gwamnati a 1984. Aka fara tumɓuke jajayen ana sa na gilashi da ƙarfe. Mu da muke aikin ofis mun san irin takardar da ke kawo wannan: gyara da tsada, fenti da tsada, mai keken guragu ba ya iya shiga. Kuma duk gaskiya ne fa! Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne mutane sun ɗauki rumfar tamkar wani ɓangare na garinsu. Suka yi ca, har aka sa kimanin 2,000 cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana taɓawa ba izini.

A ganina dokar kaɗai ba ta isa ba, don rumfar da ba mai shiga ƙarshenta tsatsa da zarni. Wayar hannu ta riga ta ƙwace mata aiki. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta 2008: BT ya ba ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi damar karɓar rumfa a kan fam 1 kacal, su kula da ita. Wasu suka mai da ita ɗakin musayar littattafai, wasu suka sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya a ciki.

Af, in ka je birnin Hull kada ka nemi ja. Su can a da tarhonsu a hannun hukumar birni yake, don haka nasu rumfunan ruwan madara ne, kuma ba hoton kambin sarauta a kansu.