AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ke Duba Ɗakin Karatu, Kuma Tun Yaushe?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga ƙasar Minjibir, daga wani malamin firamare da ke zaune a wani ƙauye kusa da dam ɗin Wasai. Ya ce ƙungiyar samarin garinsu ta tara littattafai, dagaci kuma ya ba su ɗaki, amma sai gardama ta tashi. Wasu na cewa a damƙa wa mutum guda mabuɗi, shi ke nan. Wasu na cewa a'a, sai an sami wani na sama da shi wanda zai riƙa zuwa yana dubawa. Shi ne Malam yake tambaya: a ɗakunan karatu na gwamnati, mene ne aikin babban ma'aikaci, kuma yaushe aka soma wannan tsari a ƙasar nan?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka gaya wa samarin nan cewa gardamar da suke yi, manya sun yi irinta a Arewa fiye da shekara 70 da suka wuce.

Shi dai littafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malaman Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suna da kundaye rubutun hannu, a cikin gafaka, ana gadonsu kaka da kakanni. Ɗakin littattafan marigayi Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu a 1997, sananne ne har a ƙasashen waje. Amma irin wannan ɗaki na malam ne shi kaɗai. Ya san kowane littafi, ya san almajirin da ya ara, ya san gidan ubansa. Ba ya bukatar rajista, ba ya bukatar mai duba shi. Magana takan canza ne ranar da littafi ya zama na kowa da kowa.

Wannan rana ta zo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, watau 1939 zuwa 1945. Turawan mulki suna son mutane su ji labarin yaƙi ta bakinsu, sai suka sa hukumomin En'e su buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. A ciki akan ajiye jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Janairun 1939, da taswirori, da hotunan fagen fama, da 'yan littattafan Turanci. A cikin wannan zamani ne ma, a 1944, aka soma ja wa mutanen birnin Kano akwatunan rediyo masu waya, don haka mu ma'aikatan rediyo da su ma'aikatan laburare kusan tagwaye ne.

Da yaƙi ya ƙare, ɗakunan suka ragu a hannun En'e, a nan kuma ciwon ya bayyana. Wanda ake sa wa ya tsare ɗakin galibi ba a koya masa aikin ba. Yawancin littattafan da Turanci suke, alhali masu iya karatu a gari da Larabci da ajami da Hausar boko suka fi sabawa. Sa'an nan ga tsoro. Ka duba mini, Malam: ƙaramin ma'aikaci mai ɗan albashi, an ƙirga masa littattafai, ya san in ɗaya ya ɓace shi za a tuhuma. Me zai yi? Sai ya zuba su a kabad ya datse. Lissafi ya cika, ba wanda ya karanta, gara da kyankyasai su yi biki. Hausawa dai sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A ganina laifin nan ba na mai tsaron ɗaki ba ne, na wanda ya ɗora shi ne ya tafi bai waiwayo ba.

An yi ƙoƙarin horar da ma'aikata tun 1944, lokacin da wata Baturiya, Ethel Fegan, wadda ta taɓa aikin ilimi a Arewacin Nijeriya, ta gudanar da kwas na shekara guda a kwalejin Achimota ta ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau. Amma aikin dubawa na sosai bai fara a Arewa ba sai 1952, da aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, aka kawo wata ƙwararriya, Joan Parkes, ta shugabance shi. Aikinta bai tsaya a ofis ba. Rangadi take yi lardi lardi tana duba ɗakunan karatu na En'e, ana kiran masu tsaronsu kwas, ana kuma aika akwatunan littattafai daga Kaduna zuwa ɗakunan da makarantu, in an karanta a mayar a karɓo wasu. Zamanin ya dace da Yaƙi da Jahilci, da hukumar NORLA ta Zariya mai buga littattafan Hausa da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Ka ga an sami abin karantawa ke nan da harshen mutane.

Sai dai akwai wani ƙulli da ya kamata samarinku su lura da shi. Kaduna shawara kawai take bayarwa. Ɗaki na En'e ne, albashi na En'e ne, naɗi da sallama na En'e ne. Mai dubawa za ta zo ta ga ɓarna ta rubuta, amma ba ta da ikon canza ma'aikaci ko sakin sisin kwabo. Mai dubawan da ba a ba shi iko ba kuwa, ɗan kallo ne mai riƙe da biro.

A Jihar Gabas wata hanya suka bi. Bayan taron da hukumar UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 kan ɗakunan karatu na jama'a a Afirka, gwamnatin Gabas ta yi doka a 1955 ta kafa hukuma guda mai riƙe da kuɗi da ma'aikata da littattafai gaba ɗaya, har aka buɗe babban laburare a Inugu a 1959. A Arewa kuwa, sai a 1963 gwamnatin Sardauna ta karɓi rahoton wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, wanda ya zagaya ya duba bukatun laburare na jihar. Cikin shawarwarinsa har da a riƙa horar da ma'aikata a nan gida, abin da ya kai ga buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Kafin nan, a 1967, Janar Gowon ya riga ya yanka Arewa jihohi shida, aka raba littattafai da ma'aikatan Kaduna a tsakaninsu, Kano ta ɗauki nata kason. Daga wannan tushe ne aka sami Hukumar Laburare ta Jihar Kano, wadda babban ɗakinta yake ɗauke da sunan Murtala Muhammad. A 1995 kuma dokar soja mai lamba 12 ta kafa majalisar yi wa ƙwararrun ma'aikatan laburare rajista a Nijeriya.

To, mene ne aikin babban ma'aikacin? Na farko dai ƙafa. Gani ya kori ji, rahoton da aka aiko a takarda ba ya nuna rufin da ke yoyo. In ya iso, ba yawan littattafai zai fara tambaya ba, rajistar masu shigowa da ta aro zai buɗa. Littafin da ya yi shekara uku fes, ba a ko lanƙwasa shafinsa ba, shi ne abin tuhuma, ba wanda ya yage don yawan hannu ba. Shi ne kuma zai tsaya a yi ƙidayar littattafai aƙalla sau ɗaya a shekara, ya ware waɗanda suka lalace, ya sa hannu da kansa a kan waɗanda suka ɓace, don kada nauyin ya faɗa kan ƙaramin ma'aikaci har ya koma datse kabad irin na zamanin En'e.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin mutane. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai mun san bambancin sufeton da ke zuwa kama laifi da wanda ke zuwa ya zauna a bayan aji, in an tashi ya ja ka gefe ya nuna maka. Haka yake a laburare. A gyara wa ma'aikaci a keɓe, a koya masa jera littattafai da cika kati da yi wa yaro magana, a kuma tsaya masa wajen albashi da ƙarin girma. Sa'an nan a san garin. A ƙasa irin ta Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, wa zai zo karatu da hantsi a tsakiyar damina? Ɗakin da ke buɗewa ƙarfe takwas ya rufe ƙarfe biyu, don ma'aikata aka buɗe shi. Bayan la'asar ne manomi da ɗan makaranta suke da sarari, mata kuma sai an ware musu lokacinsu. Ku tuna da shekarun 1990, bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa littafin waje ya gagari hukumomi: a lokacin ne masu ba da hayar littattafan Hausa na soyayya suka yi ta ciniki a Kano, har cikin gidajen aure, don sun kai wa mutane abin da suke so a inda suke.

Game da naku ɗakin, Malam, shawarata ita ce mai mabuɗi daban, mai dubawa daban. Ku sami mutum biyu ko uku, a ciki har da malamar makaranta, su riƙa zuwa sau ɗaya a wata, a kuma rubuta tun yau cewa suna da ikon canza mai mabuɗi da taɓa asusun ƙungiya. Ku ɗaga kantoci daga ƙasa, ku janye su daga jikin bango saboda gara. In kun shirya rajistarku, ku rubuta wa Hukumar Laburare ta Jiha ku nemi su aiko muku da ma'aikaci ya nuna muku yadda ake jeri.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.